Niyazi Usta, Mai Auna Mutum da Dusar Ƙanƙara

Idan aka idar da sallar asuba a Kartoz, kowa gida yake rugawa ya nemi bakin murhu, ban da Niyazi Usta. Shi bayan masallaci yake zagayawa, ya cusa hannu cikin dusar ƙanƙarar da ta kwana tana sauka, ya damƙo ya matse. In ta dunƙule, to ta jiƙe, ranar ba ta zamiya ba ce. In kuwa ta zube ta tsakanin yatsunsa kamar garin masara, sai ka ga tsohon yana murmushi shi kaɗai. Daga nan ya wuce shagonsa da ke ƙarƙashin gida kusa da shanu, ya hura wuta, ya ɗora butar shayi, ya ɗauki gizago. Shekara arba'in da ɗaya yana haka. Bana ya ce ya ajiye aiki saboda hannu ya fara rawa, shi ya sa na ga bai kamata a yi shiru ba.

Katakon zamiya yake sassaƙa mana, mai faɗi, mai ɗagaggen hanci, da igiya a gaba ta riƙewa, a shafe cikinsa da kitsen shanu, mutum ya hau ya riƙe sanda a baya yana juya akala. Kafintoci ba su yi mana kaɗan ba a duwatsun nan. Abin da ya raba Usta da su shi ne bai taɓa ba mutum katakon da ba nasa ba. Ba shi da sikeli, ba ya kuma tambayar kowa nauyinsa, don ya ce a wannan tambayar har liman yana iya ragewa. Sai ya jira ranar sabuwar dusa, ya sa ka hau matakalar shagon ka diro. Inda dusar ta tsaya maka shi ne awonka. Mai nutsewa zuwa gwiwa ya samu siriri, mai kaiwa cinya a ƙara masa faɗi da tsawon hanci. Ranar da Rifat mai shayi ya dira ya nutse har ƙugu, Usta ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Kai dai sai mun roƙi liman ya ara mana ƙyauren masallaci."

Amma labarin da ya sa na ɗauki alƙalami na Zeliha ne, malamar asibitin da aka turo mana daga Adana, garin zafi. Kafin ita an turo biyu, kowacce hunturu ɗaya ta yi ta tattara kayanta. An riga an faɗa wa mai gari cewa in ta uku ta tafi, za a rufe ɗakin shan maganin, mu koma ɗaukar marasa lafiya a kafaɗa har bakin titi. Ba mu ga laifin waɗanda suka tafi ba. Ɗakin yana saman gari, rabin mutanenmu kuwa suna Unguwar Rafi, can ƙasan gangare. Da katako minti goma sha biyar ne. Da ƙafa, cikin dusar da ta kai ƙirji, awa uku ne, in ma an isa.

Zeliha ba raguwa ba ce. Da kuɗinta ta sayo katakon zamani a birnin Rize, siriri mai sheƙi, irin na masu wasa a kan dusar da aka daddaɓe. A tamu mai laushi, tana hawa ya soka hanci ya tsaya cak, ita kuma ta wuce gaba da ka. Da aka kai ta wurin Usta, ya juya katakon ya ce, "Mai kyau ne, 'yata, amma ba don nan aka yi shi ba. Hau can ki diro mu gani."

Yarinya mai ladabi, sai ta sauke jakar magungunanta daga baya, ta ajiye a gefe, ta dira. Dusa ta tsaya mata a gwiwa. Usta ya sassaƙa mata na masu gwiwa, ya koya mata ta jingina nauyinta a ƙafar baya don hancin ya yi iyo a sama. Sati biyu tana koyo a bayan makaranta, ba jaka, har ta iya. Ranar da aka fara kiranta Unguwar Rafi, ta goya jakar nan mai nauyin buhun gishiri, ta hau. Ko rabin gangaren ba ta kai ba katakon ya nutse da ita, ta yi adungure a idon duk masu zaman shagon shayi. Kwalaben allura suka farfashe. Da rarrafe ta fito, fuskarta duk jini.

Rifat, wanda bakinsa ba ya da birki, ya ɗaga murya: "Malama, mu ne za mu riƙa yi miki jinya ke nan?"

Aka yi dariya, ni ma ina ciki, kuma har yau ina jin kunyar abin. Da yamma ta gaya wa mai gari cewa ta rubuta takardar neman canji, ranar da motar share hanya ta iso ta buɗe titin da dusa ta toshe za ta miƙa. An ce kwana goma ya rage. A Unguwar Rafi kuwa ga Asiye, matar ƙanen Rifat ɗin, da tsohon ciki, ita da ta taɓa rasa ɗa a wurin haihuwa.

Washegari Usta ya shiga shagon shayin yana cike, bai ko zauna ba. Ya ce, "Wa kuka yi wa dariya jiya? Ni ya kamata ku yi wa. Na auna yarinya na manta da kayanta. Da idona na ga ta sauke jakar, ban ce komai ba. Ba ita ta faɗi ba, katakona ne ya kayar da ita." Rifat ya hau goge kofin da ya riga ya goge.

Da ƙyar Zeliha ta yarda ta sake dirowa, wannan karon da jaka a baya. Dusa ta wuce mata tsakiyar cinya. Matsalar ita ce busasshen katako mai wannan faɗin guda ɗaya ne a garin, kuma yana rufin ɗakin Usta, shekara uku yana shanya shi don ya yi wa matarsa Gulizar allon kwaɓa burodi. Da ta ji ana janyo shi, ta fito da ludayi a hannu.

"Kai tsohon nan, ina za ka kai mini katako?"

"Aro zan yi."

"Aron da za a sassaƙe? Shekara uku ina kwaɓa burodi a kan murfin akwati!"

"Ki ƙara uku, Gulizar. Burodin naki ai bai taɓa nutsewa da kowa ba."

Ta yi masifarta ta gama, sannan ita da kanta ta tafasa ruwan da aka jiƙa hancin katakon a ciki don ya lanƙwasu. Kwana shida yana ɗaure. A na bakwai aka kwance, aka shafa kitse.

A na tara, da hantsi, dusa na ta zuba, waya ta zo cewa naƙudar Asiye ta tashi kuma jini ya ɓalle. Zeliha ta tsaya a bakin gangaren da ya kayar da ita. Usta ya miƙa mata igiyar ya ce, "Kada ki kalli hancinsa, 'yata, ki kalli inda za ki. Zai ɗauke ku, ke da jakar. In ya nutse, ni na yi ƙarya." Ta hau. Mun ga dusa ta tashi a bayanta, mun ga ta sha kwanar itatuwa, daga nan ba mu ƙara ganinta ba. Usta bai motsa daga wurin ba har hularsa ta yi fari fat. Bayan azahar waya ta sake bugawa, aka ce mace ce, kuma uwa da jaririya suna lafiya.

Washegari motar share hanya ta iso. Muka zuba ido, ba mai ƙarfin halin tambaya. Can sai ga Zeliha ta hauro da katakon a kafaɗa, ta wuce motar, ta nufi shagon Usta, ta jingine shi a bango.

"Usta, igiyar nan ta yi mini gajarta. Ba sauri nake ba, amma kafin baɗi a canja mini ita."

Tsohon ya juya baya yana neman abin da bai ɓata ba a cikin tarkacen itace. Sannan ya ce, "Kafin baɗi, in Allah ya kai mu."

Niyazi Usta, kai ne gwanin da ya tsaya gaban jama'a ya ce ni na yi kuskure, a lokacin da yin shiru ya fi maka sauƙi, kuma ba wanda zai gane. Kai ne ka koya mana cewa ba a auna mutum ba tare da kayan da yake ɗauke da su ba. Ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, kuma na san in aka karanta maka wannan za ka ce surutu ya yi yawa. Ka yi haƙuri ka saurara. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba hannuwan nan hutu.

Ku kuma masu sana'a, kowace iri ce, in aikinku ya kayar da wani, ku riga masu dariya buɗe baki, sannan ku koma ku gyara. Usta ya yi haka sau ɗaya a shagon shayi. Bana hunturun Zeliha na tara ke nan a Kartoz, kuma tun daga ranar ba mu sake ɗaukar mai naƙuda a kafaɗa ba.