Ranar da bangon asibiti ya yi magana

Wata rana, a daminar bara, na je wani asibiti mai zaman kansa don a duba hawan jinina.

Ɗakin jira cike yake. Na sami wuri a ƙarshen benci, kusa da wani dattijo da matarsa.

Ba zan faɗi sunansa ba. An riga an faɗe shi sau biyu a ranar, ba da izininsa ba.

Tela ne. Kafin ya amsa gaisuwata, sai da ya kama bakin hannun kwat ɗina ya murza da yatsa.

Ya ce, "Wannan ɗinkin ya girmi likitan da muke jira."

Na ce, "Har ubansa ma."

Matar ta harare shi. "Malam, ka sakar wa bawan Allah riga. Duk inda muka je sai ka duba ɗinkin mutane, ko gidan makoki ne."

"A gidan makoki ai ɗinki ɗaya ne," in ji shi, "kuma ba ya neman gwani."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," ta ce. Ta miƙe ta tafi bakin ƙofa nemo masa kunun gyaɗa, don tun safe bai sa komai a cikinsa ba.

Ya bi ta da kallo har ta ɓace.

Sannan ya jawo wata jakar leda daga ƙarƙashin benci, ya buɗe mini.

Rigunan jariri ne, da 'yar hula. Ɗinki mai tsabta, babu zare ko ɗaya a waje. Na juya su ciki da bai, na duba, domin halina ke nan.

Ya ce autarsu ce ke aure a Fatakwal. Shekara da shekaru shiru, sai bana Allah ya kawo rabo. Haihuwa ko yau ko gobe. Uwar za ta je ta zauna da ita, ta yi mata wankan jego. Jibi za ta hau mota.

Na yi masa barka tun kafin lokaci.

Sai ya rage murya.

Akwai maganar da mutum ba ya iya faɗa wa nasa, sai baƙon da yake zaton ba zai sake gani ba.

"Ita ta san gyambon ciki ne ke damuna," ya ce. "Ba shi ba ne. Likita ya gaya mini gaskiya, na kuma roƙe shi ya rufa mini asiri. In ta sani, ba za ta taka tasha ba. In ba ta je ba, yarinyar za ta haihu a hannun baƙi."

Ya ci gaba.

"Bari ta je ta riƙe jikanta, ta yi dariyarta ta ƙoshi. In ta dawo, zan zaunar da ita a ɗakinmu, in gaya mata da bakina. Na ma shirya yadda zan fara."

Abin da yake nema ke nan a duniya. Ba tsawon rai ba. Matarsa ta yi tafiyarta da kwanciyar hankali, kuma labarin ya fito daga bakinsa.

Ta dawo da kunu a kofi, tana hura masa.

A saman bango akwai lasifika. Aikinta ɗaya, kiran sunan wanda layi ya zo kansa.

Ta yi 'yar ƙara. Kowa ya ɗaga kai.

Muryar likita ce, da Turanci, a natse, irin ta mai magana shi kaɗai a ɗaki.

A asibitin, likita ba ya rubuta bayanin mara lafiya da hannu. Yana faɗa a na'ura ta naɗa, daga baya wata ma'aikaciya ta saurara a kunnenta ta buga. Ɗaya daga cikin waɗannan ne ya fito daga bango.

Likitan ya faɗi sunan telan, da sunan mahaifinsa, da unguwarsu.

Ya ce ciwon daji ne a hanta, ya riga ya bazu. Tiyata ba za ta yi amfani ba. Abin da ya rage shi ne rage raɗaɗi. 'Yan watanni ne.

Sannan ya ce, mara lafiyar ya roƙi kada a sanar da iyalinsa tukuna.

Muryar ta tsaya.

Kafin kowa ya numfasa, sai ta sake farawa daga farko. Wannan karon da ƙarfi.

Wata nas ta fito a guje. Wani ya hau kujera ya fizge waya daga bayan lasifikar. Amma magana zarar bunu ce.

Duk wanda ya ji Turanci a ɗakin ya sunkuyar da kai. Wata mata ta toshe baki da gyale.

Matar telan ba ta jin Turanci. Ta ji sunan mijinta sau biyu, ta kuma ga fuskoki. Wannan ya ishe ta.

Ta juyo gare ni.

"Baba, da ganinka ka yi boko. Me aka ce a kan Malam?"

A makarantar mishan an koya mana kada mu yi ƙarya. An kuma koya mana riƙon amana. Ba wanda ya gaya mana abin yi ranar da su biyun suka tsaya a gabanmu tare.

Na ce, "Baiwar Allah, maganar mijinki ce. Shi ya fi ni cancantar fassara ta."

Ta ajiye kofin a ƙasa, a hankali.

"Malam, gyambon ciki ne?"

"A'a."

"In na tafi, zan dawo in same ka?"

"Allah ne masani."

"To, miƙo jakar nan. Direban motar Fatakwal zai kai mata. Ni babu inda zan je."

Bai yi musu ba. Ya miƙa mata.

Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta gyara masa zaman hula, ta kama hannunsa, suka fita ta tsakiyar mutanen da suka riga suka san abin da ke cikinsa.

Kunun yana nan inda ta ajiye shi.

Ni mutum ne da ba ya iya barin abu bai san tushensa ba. Bayan an duba ni, na nemi wanda ke kula da na'urorin asibitin.

Na same shi zaune a kan matakala ta baya, ya dafe kai. Sunansa Tanimu, magidanci mai furfura kaɗan a gemu.

Na ce, "Ɗana, ban zo faɗa ba. Ka fahimtar da ni."

Ya ce akwai wata babbar kwamfuta a ɗakin baya, ana ce mata sabar. Ita ce rumbun asibitin. Duk bayanan marasa lafiya, da muryoyin likitoci, a cikinta suke. A makon ne aka sake mata babbar manhajar da ke tafiyar da ita.

Babbar manhajar ta zo da 'yan rakiya. Cikinsu har da wata ƙarama mai aika sauti ta layin da ya haɗa na'urorin gida. Ba wanda ya neme ta. A kunne ta zo. Da kanta ta lalubo lasifikar ɗakin jira, ta ɗauke ta a matsayin bakinta.

Mai buga bayanai ta kunna muryar likita, ba ta ji komai a abin kunnenta ba. Ta zaci sauti ne ya yi ƙasa. Sai ta ƙara, ta sake kunnawa.

Shi ya sa muka ji sau biyu.

Na ce, "Rumbu, me zai yi da baki?"

"Baba, masu wannan sana'a sun daɗe suna wannan gardamar," in ji shi. "Wasu sun ce a zuba komai tun daga farko, don wanda ke buƙata kada ya wahala. Gidan rediyo na so, makaranta na so. Wasu sun ce sabar ta zo da abin da aikinta ke buƙata kawai, mai son ƙari ya ɗora da hannunsa."

"Kai kana wane ɓangare?"

"Har safiyar yau ina na farko. Ina cewa, meye a ciki, in ba ka so ai sai ka kashe."

Ya ɗago ya dube ni.

"Amma ta yaya zan kashe abin da ban san yana kunne ba?"

Na yi masa sallama. Wanda ya faɗi wannan ya riga ya yi wa kansa hukunci.

A hanyar gida na tuna da ƙararrawar makarantarmu.

Igiyarta ba ta taɓa reto a ƙasa ba. A ɗaure take can sama, a kan ƙusa. Wanda aikinsa ne bugawa sai ya ɗauko doguwar gora ya sauko da ita, ya buga, ya mayar.

Muna yara muna ganin wahalar banza ce. Me zai hana a bar ta a sake, tunda kullum ana bugawa?

Sai yanzu, da tsufa, na gane. Ƙararrawa ba ta san bikin aure ba, ba ta san jana'iza ba. Duk wanda ya ja, za ta faɗa wa gari. Shi ya sa ake sa mutum ya ɗan wahala kafin ya kai gare ta, don ya zama da niyya ya ja.

Ni dai a ganina, da masu haɗa waɗannan manhajoji sun ɗaure igiyar a sama. Mai gidan rediyo ya san yana son sauti, ba zai ji nauyin ɗauko gora ba. Amma mai asibiti bai ma san akwai igiya ba.

Ban zaci zan sake ganin telan ko matarsa ba.

Kwanan baya na je tasha karɓar saƙo. Sai na ji an ce, "Mai kwat!"

Matar telan ce. Ta rame. Tana zaune a kan ƙullin kayanta, tana jiran motar Fatakwal. Ba ta daɗe da fita takaba ba.

Na yi mata ta'aziyya.

Ta ce autar ta haihu namiji, da tiyata. Maƙwabta ne suka yi mata wankan. Ba ta samu zuwa ta ga mahaifinta ba, shi ma bai samu zuwa ba. A waya ya ga jikan, sanye da rigar da ya ɗinka. Ya sa aka matso da hoton kusa, ya ce wuyan ya ɗan yi faɗi.

Ta yi murmushi, sannan murmushin ya tafi.

Na ce, "Ko ba komai, kin kasance tare da shi har ƙarshe. Wataƙila alheri ne da kika ji."

Maganar tsofaffi ce, irin wadda muke yi don mu cike shiru.

Ta girgiza kai.

"Baba, ba na baƙin cikin na sani. Da ya ɓoye har na tafi, da sai mun yi shari'a a lahira. Baƙin cikina, shekaru nawa muna tare, ba abin da ban ji daga bakinsa ba. Ranar da babansa ya rasu, ni ya fara gaya wa. Ranar da shagonsa ya ƙone, ni. Sai wannan ɗaya, mafi girma, a bango na ji, da yaren da ban sani ba, bayan kowa ya riga ni."

Ta gyara ƙullin kayanta.

"Ya ce mini ya shirya yadda zai fara. Na roƙe shi, na ce to faɗa mini yanzu, kamar ban ji ba. Ya ce a'a. Yadin da wani ya riga ya yanka, ba a sake yanka shi."

Har ya koma ga Ubangijinsa, bai faɗa ba.

Kwandasta ya kira fasinjojin Fatakwal. Na ɗaga mata ƙullin zuwa bakin mota. Bai yi nauyi ba.

Darasi:

Ba duk abin da aka haɗo maka kyauta ne alheri ba. Ƙofar da ba ka san da ita ba, ba za ka kulle ta ba.

In kai ke haɗa na'ura, kada ka sa mata bakin da ba a nema ba. Wanda ke so zai tambaya.

In kai aka kawo wa, kada ka tsaya a kan "tana aiki?" Ka tambaya, "me kuma take yi da ban sa ta ba?"

Kuma in kana da maganar da kake tanadi don wani naka, kada ka daɗe kana gyara mata farko. Bango ba ya jira.

In ka san wani mai kula da kwamfutocin asibiti, ko na makaranta, ko na kotu, ka tura masa wannan. Ya je ya duba yau, tun benci bai cika ba.