Ladanin Garinmu a Kan Dutsen Bagzam

Ƙasarmu, tsakanin Mayahi da Tasawa, ƙasar rairayi ce. Jigawa bayan jigawa, sai gawo da sabara da kalgo. Har na yi gemu ban taɓa ganin dutsen da ya fi ƙarfin a ɗora wa jaki ba. Ko na niƙa a kasuwa ake sayo shi, daga wata ƙasa fatake ke kawowa.

Mahaifina shi ne ladanin garinmu. Dogo ne, siriri, manomin gero da gujiya, wadda mutanen kudu ke ce wa gyaɗa. Allah ya ba shi murya, in ya yi kiran asuba har rugar Fulani ta bayan gari ana ji. Yana da amini guda, wani Ba'abzine mai jagorar ayari. Kowace shekara in ɗari ya shigo, sai ga su da raƙuma ɗauke da gishiri da dabino, su sauka a gonarmu. Raƙuman su ci kara su bar mana taki, mutanen su musanya kayansu da gero. Baba na kiran shi Madugu, shi kuma yana kiran Baba Ladan. Sukan wuni a gindin gawo suna shan shayi suna musu a kan abin da bai kai ya kawo ba. In an zo rabuwa, Madugu ya ce, "Ladan, ni kullum baƙo, kai kullum mai gida? Yaushe za ka zo ka ga nawa gidan?" Baba ya ce, "Baɗi, in Allah ya yarda."

Ba a daɗe da samun ƴancin kai ba aka yi wata damina mai albarka. Gujiya ta yi ƴaƴa har rumbuna suka kasa, gari ya cika da sababbin kekuna da rediyo. Ni lokacin ina ɗinki a Tasawa, na zo gida taya aikin kaka. A shekarar ne ayari ya iso babu Madugu. Babban ɗansa ne a gaba, magidanci mai ƴar furfura, wanda muka saba da shi tun ina yaro. Da ya gama gaisuwa ya ce, "Baba Ladan, tsohon yana nan lafiya, gwiwa ce ta ƙi hanya. Ya ce a gaya maka baɗin nan taka ta cika nisa."

Washegari da muka fito masallaci Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka rufe kekenka na ɗinki. Za ka raka ni Abzin."

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, kai da ba ka taɓa wuce Maraɗi ba?" Amma kafin la'asar ta hau suyar ƙuli-ƙuli, ta cika buteli biyu da man gujiya. Ni kuma na koma Tasawa na ɗinka wa Madugu riga shuɗiya mai faɗin hannu. Ɗan Madugu ya bar wa ƙannensa raƙuma ya ce shi zai kai mu.

Daga Tasawa muka hau kamiyo, babbar mato ta kaya, a saman buhunan gero, zuwa Damagaram. Daga can wata ta ɗauke mu ta Tanut zuwa Agadas. Baba na zaune a kan buhu yana duba gonakin mutane yana yanke musu hukunci: wannan rago ne, wancan ya san aiki. Da muka yi arewa sosai gonaki suka ƙare, sai ya rasa abin faɗi, ya koma jan tasbaha. Mato ta kafe a rairayi ba sau ɗaya ba, mu sauka mu tura, shi ma ya naɗe hannun riga ya sa kafaɗa. A Agadas dangin Madugu suka ba mu raƙuma, muka nufi gabas maso arewa.

Wata safiya muna cikin tafiya Baba ya tsai da raƙuminsa, ya kare ido da tafin hannu. Wani abu baƙi wuluk ya tokare sama daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ikon Allah," in ji shi. "Hadari a tsakiyar ɗari? Mu nemi wurin fakewa."

Ɗan Madugu ya yi dariya a cikin amawalinsa har kafaɗunsa na rawa. "Baba Ladan, ba hadari ba ne. Bagzam ke nan. Gidanmu yana can bisa."

"Bisa ina?"

"Bisa can, inda ya ƙare."

Baba ya dube shi, ya dubi dutsen, ya ce, "Ashe shi ya sa ubanka ba ya jin magana. Wanda ya tashi a can wa zai saurara?"

A gindin dutsen muka tarar da nasara biyu, mata da miji, sun ajiye matonsu a inuwar wata ƙaya suna ɗaure manyan takalma. Kowane da jaka a baya, matar da abin ɗaukar hoto a wuya. Ina jin Faransanci kaɗan-kaɗan, na wajen ma'aikatan da nake yi wa ɗinki, don haka Baba ya ce in tambaye su wa suka zo gani. Mijin ya ce ba kowa, hutu suka samu suka zo hawan dutse, su kalla.

"Su kalli mi?"

"Dutsen, Baba."

"Mutum ya baro gidanshi, ya ƙetare teku, don ya kalli dutse?" Ya girgiza kai. "Allah ɗaya, gari bamban."

Raƙuman suka tsaya nan wajen wasu makiyaya, aka ɗora kayanmu a jakuna, muka kama hawa da sassafe, nasaran na biye da mu. Hanyar ta bi ta cikin wani kwazazzabo, ƴar siririya, wani wuri sai ka dafa da hannu. Duwatsu ne jibga-jibga, wani kamar rumbu, wani ya fi masallacinmu, an ɗora wani kan wani kamar da gangan. An ba Baba jaki ya hau, ya leƙa ramin da ke gefe sau ɗaya ya sauko. Ya ce ya fi yarda da ƙafafun da ya sani. Haka ya riƙa hawa, babbar riga a naɗe a kafaɗa, yana haki, yana taɓa kowane dutse kamar mai gaisawa da mutane a kasuwa.

Wajen hantsi muka ji wani ƙara siriri. Da muka zagaya sai ga ruwa yana fitowa daga tsagin dutse, yana gangarowa cikin wani kwarmi, garau, kana ganin tsakuwar ƙasa. A garinmu rijiya zurfi gare ta, mata sai sun yi kanta a hannu kafin su cika tulu. Baba ya durƙusa, ya ɗiba ya sha, ya tsaya yana jiran ya ga lokacin da ruwan zai ƙare.

"Wa ke jan shi?" ya tambaya.

"Ba kowa."

"Dare da rana?"

"Tun kafin a haifi kakana," in ji ɗan Madugu.

Baba ya yi alwala. Da ya gama sai ya sake wata, ba don ta farkon ta karye ba.

La'asar ta same mu dab da ƙarshen hawan, a wani wuri da duwatsu suka kewaye kamar ƙwarya. Baba ya dubi inuwa, ya hau wani fa, dutse shimfiɗaɗɗe, ya sa yatsu a kunne kamar yadda ya saba, ya ɗaga murya. Bai rufe baki ba kabbarar ta dawo daga dutsen da ke gabanmu, sannan daga na hagu, sannan daga wani can nesa, a hankali, kamar ladanai uku sun amsa masa bi da bi.

Ya sauke hannu. Ya juyo ya dube ni, ido waje.

"Wane ne wancan?"

"Kai ne, Baba. Amsa-kuwwa ce."

"Haka muryata take?"

"Haka take."

Sai na ga gemunsa na rawa, ban sani ba dariya ce ko kuka, ina jin duka biyun ne. Ya ce, "Tun ina saurayi nake kira, yau na fara jin abin da mutane ke ji." Ya mai da yatsunsa, ya faro daga farko. Wannan karon bai yi sauri ba. Kowace jimla sai ya saki, ya jira duwatsun su gama da ita, sannan ya ɗora ta gaba. Jakuna sun tsaya cik. Nasaran da ke bayanmu su ma sun tsaya, mijin ya cire malafa ya riƙe a ƙirji.

Mun sallame ke nan muka ji tsakuwa na gangarowa daga bisa. Sai ga jaki yana saukowa da gaggawa, da wani tsoho a kai, rawani a karkace, ƙafa ɗaya ba takalmi, yana dukan jakin da dunduniya. Madugu ne. Ba wanda ya aika masa cewa muna tafe. Yana zaune a lambunsa a bakin dutsen ya ji kiran.

"Ladan!" yake kira tun daga nesa. "Na ce ko dai na mutu ban sani ba, ko kuwa Bahaushen nan ya hau Bagzam!"

Baba ya ruga, ban taɓa ganin ya yi gudu ba sai ran nan. Ya rungume shi tun yana kan jaki, har suka kusa zubewa su uku. Suka daɗe a haka, kowa na tambayar lafiyar kowa, ba mai jiran amsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kan dutsen. Na zaci tsini za mu tarar, sai ga fili shimfiɗe, da ƙauyuka, da awaki, da lambuna kore shar. Ga alkama, ga albasa, ga lemu da ɓaure, ga wani itace mai jajayen ƴaƴa da suka ce sunansa rumman. Wani sa na jan guga daga rijiya, ruwa na bin ƴan magudanai daga fage zuwa fage. Baba ya bi lambun Madugu kunya bayan kunya yana murza ƙasa a yatsu, yana neman aibu, bai samu ba. Madugu na biye da shi a kan jaki yana ta cika baki.

Yanzu shi ne mai gida, kuma ya rama. Ya yanka ɗan akuya, aka kawo gurasar alkama da cuku da shayi mai kumfa. Baba ya ce ya ƙoshi, Madugu ya ce, "A gonarka ka taɓa yarda na ƙoshi?" Ya sa rigar da na ɗinka a kan tasa, ya hau jaki ya zaga ƙauyen gida-gida don a gani. Ladanin ƙauyen kuwa ya zo ya ce muddin Baba na nan shi ya huta.

Sanyin wurin ba irin namu ba ne. Wata asuba Baba ya karkata buta, ruwa ya ƙi fita. Ya girgiza, ya leƙa, ya zaro wani abu kamar fasasshen madubi. Ya riƙe a tafin hannu yana narkewa, yana kirana in zo in shaida, don ya san in ya faɗa a gida za a ce tsufa ne.

Ana jibi za mu tafi, Madugu ya kai mu gefen dutsen ta kudu, inda ƙasa ke yankewa lokaci guda. Muka zauna. Ƙasan duniya na can nesa, ƙoramu busassu kamar zaren da aka yar, itatuwa kamar ƙwayar gero, shaho na shawagi a ƙasa da ƙafafunmu. Nasaran nan ma suna wurin, a zaune a kan wani fa, suna kallo. Baba ya zauna har inuwa ta juya, ko tasbaha bai ja ba. Da muka tashi ya ce mini, "Je ka gaya wa mutanen nan na janye maganata." Na ce ai ba su ji maganar ba tun farko. Ya ce, "Duk da haka, gaya musu." Na je na yi ta kame-kame da Faransancina. Matar ta yi dariya, ta sa tsofaffin biyu suka jeru ta ɗauke su hoto, Madugu ya ja amawali har ido, Baba ya ƙame kamar soja. Hoton bai taɓa iso mu ba, ba su ma tambayi sunan garinmu ba.

Ranar rabuwa Madugu ya rako mu har inda jakinsa ke iya kaiwa. Ba su yi dogon bankwana ba. Ya ce, "To, Ladan, ka ga gidana." Baba ya ce, "Na gani. Ba ka yi ƙarya ba, sai dai ka rage." Ba su ƙara haɗuwa ba, amma shekaru da dama bayan nan kowane ayari na zuwa da cuku da gaisuwa, ya koma da ƙuli-ƙuli da tsiya iri-iri da aka ba ɗan Madugu ya isar baki da baki.

Mun iso gida da buhun alkama da rumman cike da sanho. Mata suka cika tsakar gidanmu. Inna ta ɗauki ɗaya ta juya, ta shinshina, ta gatsa da ɓawon, ta tofar, ta ce wannan ne abin da muka ƙetare duniya muka ɗauko? Baba ya karɓa ya fasa mata a gwiwa, jajayen ƙwayoyin suka bayyana reras. Ta ɗanɗana ɗaya, ta ɗanɗana biyu. Sai ta tashi ta ɗauke sanhon gaba ɗaya ta shige ɗaki da shi, ta fito da guda uku ta ce maƙwabta su raba.