Randar Iya ta Gindin Tsamiya

Gidanmu a Toranke shi ne na ƙarshe kafin a kama hanyar Gaya. A ƙofar gidan akwai tsamiya, a gindinta kuwa akwai randar kakata, Iya Tabawa, wadda ta kafa domin matafiya. Bakin randar ya taɓa tsagewa, Iya ta ɗaure shi da igiyar rama. Kullum a rufe take da faifai, an danne da ɗan dutse saboda awaki, ga moɗa a kife a kai. Iya tana jefa saiwar jema a ciki, shi ya sa ruwan ke ƙamshi kamar ƙasar da ta sha ruwan farko.

Ni ce mai cika randar. Kafin in sa kayan makaranta sai na yi ta safa da marwa tsakanin rijiya da tsamiya, sau da yawa in isa aji an riga an fara karatu, ƙeyata a jiƙe. A lokacin ban iya magana cikin mutane ba. Ko malami ya kira sunana, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ina da ido. Ta kafar zana nakan ga fatake da jakunansu, da masu tallan nono, da masu keke. Su sha, su wanke fuska, wani ma ya ɗiba ya ba jakinsa, su wuce. Ban taɓa ganin wanda ya yi sallama ya ce an gode ba. Abin ya tsaya mini a rai, har na ƙudura zan daina.

Lokacin kaka ne. Bayan sallar isha Iya takan hura wutar kara a tsakar gida, ta juye mana gyaɗa a tabarma mu yi ta ɓara tana ba mu tatsuniya. Dokarta ɗaya ce: hannun da ya tsaya, shi ya tsayar da labari. Ina iya tuna yadda hasken wutar ke kama zoben azurfar da ke ɗan yatsanta, da yadda take tura kara cikin wuta da ƙafa ba tare da ta duba ba. Ran nan, kafin ta buɗe baki, sai na ji muryata ta fita da kanta.

"Iya, wai masu shan ruwan nan ba su da baki ne?"

Ta saki gyaɗar hannunta. "Ikon Allah! Yau Malama Shiru ta yi magana. Hansai, leƙa akurki ki gani ko zakaranmu ya yi ƙwai."

Yayata Hansai ta yi ta dariya har da faɗuwa. Ni kuwa na cusa kai tsakanin gwiwoyi. Iya ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ta taso daga nesa." Mu kuma muka amsa yadda ta koya mana: "Ta ƙaraso ta sha ruwa."

Wai an yi wani falke mai fataucin kanwa, ya ɓata a daji cikin bazara. Sai da harshensa ya bushe kamar ƙirgi, sannan ya iske randa a gindin wata bishiya, cike da ruwa mai sanyi, babu kowa kusa. Ya sha ya dawo hayyacinsa. Ya rantse ba zai ci gaba da tafiya ba sai ya ga mai randar ya gode masa. Ya bi sawu har wani ƙauye. Ya gode wa maginiyar randar, ta ce, "Ni gini kawai na yi, an kuwa biya ni." Ya gode wa mai haƙar rijiya, shi kuma ya ce, "Ni rami na haƙa, ruwa na Allah ne." Kowa ya je wa sai ya tura shi gaba, kanwarsa tana can tana jiran kasuwa. Daga ƙarshe aka kai shi wurin wata tsohuwa.

Nan Iya ta maƙale murya, ta zama tsohuwar. "Wadda ta kafa randar nan ta rasu tun ban yi haƙori ba, ɗan nan." Falke ya ce, "To wa yake cika ta?" Tsohuwa ta ce, "Irinku masu neman wanda za su gode wa. Ga tulu can."

Falke ya ɗauki tulu ya cika randa. Yana kifa moɗa sai ya hango wani matafiyi yana tangaɗi. Ya laɓe a bayan bishiya, ya ga mutumin ya sha ya yi hamdala yana waige-waige. Falke ya ja jakinsa ya bi ta baya ya tafi.

"Ta sha ta wuce," in ji Iya. "Wanda ya yi gyangyaɗi ya yi asara."

Na ce, "Shi ke nan? Shi ma ba wanda ya gode masa?"

"Au, bakin bai rufu ba? Ɓare gyaɗarki."

Labarin bai gamsar da ni ba. Na dai ci gaba da ɗebo ruwa don kunyar Iya, har na tafi Kano karatun ungozoma. Ina can ta rasu. Ba a jima ba randar ta fashe, ba a kuma kafa wata ba.

Da na gama aka turo ni aiki Gaya. Muna shiga ƙauyuka awon ciki da rigakafi, wani lokaci a mota, wani lokaci a ƙasa. Sai in kwana tsaye kan mai naƙuda, gari ya waye a yi guɗa, a yi wa miji barka, a yi wa kaka barka, ni kuwa in wanke hannu in ɗauki jakata ba wanda ya ga fitata. Ga ƙawayena suna Kano, ƙarƙashin fanka. Tsohon ciwon nan na gindin tsamiya ya dawo mini, na yanke shawara in wata ya ƙare zan gaya wa babbarmu ta asibiti na bar aikin ƙauye.

Ana cikin haka, wata rana da azahar motarmu ta mutu kafin mu kai Kademi. Direba ya shige ƙarƙashinta, ni kuma na kama hanya a ƙasa don ana jira na. Rana ta buɗe, yashi yana shiga takalmina, ruwan gorata ya ƙare. Har na fara ganin duhu-duhu sai ga randa a gindin wata ɗinya. Faifai, ɗan dutse, moɗa a kife. Ina kai ruwan baki na ji ƙamshin jema. Na tsaya riƙe da moɗar, na kasa ajiyewa.

Wata mata ta fito daga gona da goyo, ta ce, "Sannu Malama. Ƙara mana, ai don a sha aka ajiye."

Na ce, "Taki ce?"

"Ni ke cika ta dai. Shekarun baya na je gaisuwar mutuwa wajen Toranke, da tsohon ciki, a ƙasa. Wallahi na zaci a hanya zan haihu don ƙishi. Sai na samu wata randa a gindin tsamiya, an ɗaure bakinta da igiya. Kunya ta hana ni sallama. Har yau ban san mai ita ba. Da na dawo na ce wa maigida ya sayo mini tawa."

Na so in yi magana. In ce mata sunan mai randar, in ce mata ƙila ma ni na ɗebo ruwan da ta sha. Amma Malama Shiru ba ta sake hali ba. Abin da kawai na iya cewa shi ne, "Ina tulunki?"

"Haba Malama, da farin kayanki?"

Na ce ba komai. Na je rijiya na dawo, ƙeyata a jiƙe, sannan na wuce wurin masu jirana.

Wata ya ƙare ban ce wa babbarmu komai ba. Ranar kasuwa na sayi randa da saiwar jema, na sa aka kai Toranke, aka kafa a gindin tsamiya. Na daɗe ina zaton Iya ta kauce wa tambayata ne a daren nan. Ashe masu shan ruwan suna da baki. Godiyar ce ta yi nisan zango, ta bi ta Kademi, ta zauna a gindin ɗinya tana jira har ranar da ni ma na ji ƙishi.