Leshi a Bakin Teku

A shekarata ta biyu a Dubai ina aiki a wata cibiya da ke koya wa 'yan makaranta sha'anin teku. Ni da na girma ban san ruwan da ya wuce kududdufin unguwarmu ba, sai ga ni ina nuna wa yara yadda kunkurun ruwa ke haɗiye leda ya mutu. Wata rana shugabarmu ta ce in shirya sharar bakin teku da mutanen ƙasarmu. Ba ta ɓoye min ba: in ba wanda ya zo za a rufe ɓangarena, bizata kuwa a jikin aikin take.

Na buga kati mai kyau, har da ruwan gwal a gefe, na aika wa matan Hausawa na unguwar Abu Hail. Wai ni mai wayo. Na manta a wurinmu irin wannan kati biki yake kira, kuma ba mai karanta ƙananan rubutun ƙasa.

Ranar Asabar da safe motoci suka tsaya. Mata suka fito cikin leshi da takalma masu tsini, turare har ya danne ƙarnin teku. Ni kuwa ina tsaye da safar hannu da buhunan shara. Shugabarmu ta kalle ni. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Babbar matan wata Hajiya ce mai tura kaya Kano daga unguwar Al Ras. Ta dubi buhunan, ta dube ni.

"'Yar nan, ina amaryar?"

Na yi mata bayani, har maganar bizar da ban yi niyyar faɗa ba.

"Ashe gayya ce," in ji ta. "Ai gayya ba a aika mata kati, da ƙafa ake zuwa a roƙa. Khalas, shi ke nan, an riga an zo."

Ta cire takalmi, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta karɓi buhu. "Yalla, ku sunkuya." Wasu sun yi tsaki, ban ga laifinsu ba, leshi ba araha ba. Amma suka sunkuya.

Awa biyu muna tsintar murafen gora da guntayen igiya. Na lura Hajiya tana dafe gwiwa, tausayi ya kama ni, na ce ta zauna ta huta. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba don tekun nan nake yi ba," ta ce. "Uwarki ba ta kusa, shi ya sa."