Jinyar Baba a Gindin Darbejiya

Duk faɗin Gwaram babu ɗan da ya yi jinyar mahaifinsa kamar ni, haka nake faɗa a majalisa har yau. Kwana ashirin na yi a asibiti a Birnin Kudu, sauro ya sha jinina har ya yi tumbi.

Abin da ba na faɗa shi ne, yawancin kwanakin a gindin darbejiya na yi su, inda masu jinya ke shimfiɗa tabarma, ina ba su dariya. Ƙanena ne ke juya Baba, ya goge masa jiki, ya ba shi kunu da cokali.

Ranar da Baba ya cika, da hantsi, ina tsaka da labarin wani bunsuru da ya kore ni daga garin Maruta. Ƙanen nawa ne ya biya masa kalmar shahada. Ko da na shigo, an lulluɓe shi.

Na ce, "Haba, me ya hana ka kira ni?"

Ya ce, "Yaya, sau biyu na miƙe. Yana jiyo muryarka ta taga, ya ce a bar ka ka ƙarasa labarinka."