Sunan da Baba Ya Ƙi Ba Ni

Kowace shekara, da an gama ɗaurin gero, sanyin safe ya fara shigowa, sai in riƙa ganin ƴan kolej suna wucewa ta ƙofar gidana da shamiz, kwalin nan mai ruwan hoda da ake zuba takardu a ciki. Suna rungume shi a ƙirji kamar jariri. Ba sai an buɗe mini ba, na san abin da ke ciki: hoto, takardar haihuwa, sartifika ta firamare, da biltan, takardun sakamakon shekarun baya. Dosiyen brebe ke nan, jarrabawar gama kolej. In na gan su sai in yi wa wani tsoho addu'a. Bari in gaya maka dalili.

A gidan wan mahaifina na tashi, nan cikin Dakoro. Baba nake ce masa, matarsa kuma Inna. Mahaifina ya rasu ban ko fara tafiya ba, mahaifiyata ta yi aure can wani ƙauye wajen Mai Yara, da aka yaye ni sai Baba ya je ya ɗauko ni a kafaɗa. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Kowa a unguwa ya sani, ni ma na sani tun ina ƙarama, kamar yadda na san inda randa take. Sai dai sanin bai taɓa yi mini nauyi ba, don Allah bai ba su haihuwa ba, ni kaɗai ce ke ɓarna a gidan.

Baba hatsi yake sayarwa. Zaurenmu kullum cike yake da buhunan gero da na wake, kuma don gudun ƙwari yakan barbaɗa wa waken garin barkono, saboda haka duk baƙon da ya yi sallama sai ya yi atishawa kafin a gaisa. A kan buhunan nan nake zama in yi bitar karatu. Mutum ne mai taurin kai, in ya ce a'a to ka nemi wata magana. Inna kan ce da shi da jakin maƙwabcinmu ba ta san wanda ya koya wa wani ba. Shi kuma sai ya ce ai duk a wurinta suka yi karatu. Haka suke tun da na buɗe ido.

Ranar da aka sa ni lakwal, makarantar boko, Baba ya kai ni da kansa. A zamanin ba a cika tambayar takardar haihuwa ba, hannu za ka ɗora bisa kai ka taɓa kunne, in ya kai an ɗauke ka. Mushe, malamin da ke ɗaukar yara, ya tambayi sunana, aka faɗa. Ya ce ɗiyar wa ce? Baba ya ce tasa ce. To me zai ce? Wa zai tsaya gaban baƙo, da marainiya a hannunsa, ya fara bayanin wanda ya mutu da wanda ya riƙa? Mushe ya rubuta sunana, ya bi shi da sunan Baba, shi ke nan. Da wannan suna aka kira ni kowace safiya, da shi na ci sartifika, da shi na shiga kolej. Ina son sunan, ba na ɓoyewa. In aka kira shi ji nake kamar an dafa mini kafaɗa.

Karatuna ba wani na a-zo-a-gani ba ne. Faransanci da tarihi ina ja, amma lissafi ya ƙi ni ƙiri-ƙiri. Shi ya ja mini mwayen, matsakaicin makina, ƙasa har na maimaita aji ɗaya, kuma darakta ya gaya wa Baba a fili cewa na cinye rabona, in na sake tsayawa wata shekara kora ce. Don haka da na kai ajin ƙarshe, brebe ɗin nan sau ɗaya zan shige ta, ko in samu ko in koma gida.

Da lokacin haɗa dosiye ya yi, aka ce kowa ya kawo takardar haihuwa. Baba ya aika Mai Yara. Ashe mahaifina, kafin ciwo ya kwantar da shi, ya je ya yi mini takarda, mahaifiyata kuma ta ajiye ta cikin kwanon jerenta duk shekarun nan. Ta zo a naɗe cikin ƙyalle, tana ƙanshin turaren wuta. Na kai wa surbeya, malamin da ke tattara takardunmu, ina murna na riga wasu. Ya duba ta, ya duba sartifikata, ya sake dubawa, sai ya ce in je in kira Baba.

A ofishin darakta aka yi mana bayani. Takardar haihuwa tana ɗauke da sunan mahaifina, duk sauran takardu suna ɗauke da sunan Baba. A idon masu jarrabawa yara biyu ke nan, kuma ba za su karɓi dosiyen da sunaye suka saɓa ba. Sai an gyara sartifika da rajistar lakwal sun bi takardar haihuwa. Gyaran kuwa doguwar hanya ce: shaidar malamin da ya ɗauke ni tun farko, takardar alƙali mai tabbatar da cewa mutum ɗaya ce, sannan a kai su Maradi a sa hannu. Ga shi ranar rufe karɓar dosiye ta matso. Darakta bai yi mana alkawarin komai ba, ya dai ce zai riƙe nawa har ranar ƙarshe.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa, kuma kowa ya zo da dabara iri ɗaya. Me ya kai mu wannan wahala? A mayar da tsohuwar takarda cikin kwanonta, a je wurin alƙali da shaidu biyu a ce ba a taɓa yi mini takarda ba, a yi sabuwa da sunan Baba. Cikin ƴan kwanaki an gama, komai ya dace da komai. Abokan kasuwarsa biyu suka ce su za su tsaya shaida, ai ba ƙarya ba ce sosai, wa ya ci da ita, wa ya tufatar da ita? Inna ta fi kowa zafi. Ta ce ita ta yi goyo, ita ta yi jinyar ƙyanda, yanzu kuma a ce takarda ta zo daga cikin kwano ta ƙwace mata ɗiya.

Ni ma abin da nake so ke nan, da dukan zuciyata. Ba tsoron rasa jarrabawa kaɗai ba. Mutumin da ke cikin tsohuwar takardar ban san fuskarsa ba, ko hotonsa babu. Na ga dama ta samu in zama ɗiyar Baba har a gaban hukuma, kuma ban ga abin da zai hana shi murna ba.

Baba ya saurari kowa, ya yi godiya, ya ce ba zai yi ba.

Gidan ya yi tsami. Inna ta daina yi masa magana sai ta bakina, ni kuma na daina cin tuwo, ina zumɓure-zumɓure. Bakina tun can ba ya da linzami, sai wata safiya yana auna gero a zaure na tsaya kansa na tambaye shi ko kunyar a ce ni ɗiyarsa ce yake ji. Ya ajiye tiyar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Ɗiyata, ƙanena bai bar gona ba, bai bar ko akuya ba. Ke kaɗai ya bari. Da ƙafarsa ya je ya rubuta ke tasa ce. In na goge wannan, mi ya rage mashi a duniya?"

Na juya na koma cikin gida. Amma kada ka ɗauka na yarda nan take, fushina na ci gaba da yi, sai dai na koma cin tuwo.

Washegari ya rufe zaure. Ka tuna lokacin kaka ne, lokacin da ɗan hatsi ke yin cinikin da zai riƙe shi shekara, manoman Sabon Maci suna shigowa da amalanke cike da wake. Ya bar wannan duka ya shiga neman malamin da ya ɗauke ni lakwal. Aka ce an mayar da shi Azagor. Baba ya hau bayan motar kasuwa, ya isa, aka ce malam ya tafi wani taro, ya jira shi har ya dawo. Ya komo gida ƙafafunsa a kumbure, da takarda cikin aljihun ciki, ya sa Inna ta ɗinke bakin aljihun da zare don kada ta faɗi. Ta ɗinke tana mita, amma na lura ɗinki biyu ta yi.

Ranar zuwa gaban alƙali tare muka je, da liman na unguwa da wani tsoho da ya halarci bikin sunana. Baba bai taɓa shiga irin wurin ba, ya cire takalmi tun daga ƙofa sai da aka ce ya mayar. Alƙalin mutum ne mai haƙuri. Ya tambayi Baba ko shi ne mahaifin yarinyar. Baba ya ce shi ya riƙe ta tun daga yaye. Alƙali ya ce ya gane, amma abin da za a rubuta yana son amsa ɗaya: shi ya haife ta, ko ba shi ba?

Baba ya dubi hannuwansa. Ina kusa da shi, ina jin numfashinsa.

"Ba ni na haife ta ba."

A hankali ya faɗa, har sai da magatakarda ya ce ya maimaita, ya kuwa maimaita. Tun da nake ban taɓa jin wannan magana daga bakinsa ba, kuma sai a lokacin na gane cewa shi ya fi ni jin ciwonta. Da muka fito bai dube ni ba. Ya tsaya wurin mai ƙosai ya saya mini, ya ce in ci da zafinsa.

Maradi sau biyu ya je. Na farko aka ce mai sa hannu ba ya nan, na biyu ya zauna a bakin ofis har aka gaji da ganinsa. Ya iso Dakoro ranar da ake rufe dosiye, daga tasha bai biya gida ba, ya wuce kolej ya miƙa wa darakta takardun hannu da hannu. Tun daga ranar aka sauya sunana a rajista. Makonni na yi ana kira ina zaune kamar ba da ni ake ba, sai ƙawata ta zungure ni.

Sakamako ya fito da farkon damina. An yi ruwa da safe, ƙasa tana ƙanshi, filin kolej ya cika maƙil da iyaye. A wancan lokaci da lasifika ake kiran waɗanda suka ci, ɗaya bayan ɗaya, gari duka yana ji. Ina tsakiyar ƴan ajinmu. Baba ya zo daga gona da taɓo a ƙafa, ya tsaya can baya gindin wani itacen bedi, malafarsa a hannu.

Aka kira sunana, aka bi shi da sunan mahaifina. Wallahi ban motsa ba, tsoro ya sa na koma jiran tsohon suna. Sai na ji murya daga baya, da ƙarfi, ta ce, "Na'am!" Mutane suka waiwaya, wasu suka yi dariya. Baba ne. Mutumin da ko a kasuwa ba ya ɗaga murya.

Na ratsa mutane na same shi ya rufe fuska da malafa, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu bakin magana ce mini ya yi tun ranar jana'iza bai sake jin an kira sunan ƙanensa a bainar jama'a ba, ga shi yau an kira shi cikin waɗanda suka ci. Daga nan ya share fuska, ya ce mu tafi kada Inna ta ji a bakin wasu.

Yanzu abubuwa sun sake. Jariri na faɗowa ake yi masa takarda, ba a ɗaukar yaro lakwal da taɓa kunne, kuma sunaye suna cikin inji, da wuya a yi shekaru ana kiran yaro da sunan da ba ya cikin takardarsa. Na san hakan ya fi, ni da ke koyarwa yau na fi kowa sani. Baba da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya. Ka bincike takarduna kaf, daga brebe har ta ɗaukar aiki, ba za ka ga sunan Baba ko wuri ɗaya ba, kuma shi ya yi ta hawa bayan mota da ƙafa a kumbure har ya tabbatar da haka. Ban san yadda ake biyan irin wannan ba. Allah Ya jiƙan shi, Ya haɗa shi da ƙanensa.

Abin da na iya kawai shi ne, da na haifi ɗana na fari, na roƙi maigidana a ba ni zaɓin suna, ya kuwa ba ni. Yaron yana kolej yanzu, lissafi yana ba shi wuya kamar uwarsa. Ba na kiran sunansa, Abba nake ce masa. Amma in Allah Ya kai mu ranar sakamakonsa, zan je in tsaya can baya, in ji an kira sunan Baba da ƙarfi a gaban gari, ni kuma in amsa.