Taƙin da Na Ƙara wa Fitilar Jarirai

Ni na yi kuskuren, kuma na daɗe ina ɗora wa ƙwan fitila laifin.

Walda nake yi a Funtua, ƙofofi da tagogi da garmar shanu. Ɗiyar ƙanwata ta karanta injiniya a Zariya, ta yi shekaru tana haɗa wata fitila mai aiki da sola, wadda ake kwantar da jarirai masu ciwon shawara a ƙarƙashinta. Da aka amince a gwada ta a wani asibiti a Malumfashi, ni ta kawo wa aikin ƙafafun, alhali Kano cike take da waɗanda suka fi ni. Ta ba ni awo, ta ce kada in ƙara, kada in rage.

Ni kuwa na ga fitilar ta yi ƙasa da yawa. Ta ina uwa za ta zura hannu ta ɗauki ɗanta? Sai na ƙara taƙi guda a kowace ƙafa, na ja bakina.

Kafin a kwantar da jariri ko ɗaya, masu gwaji suka auna hasken da ke sauka kan katifa, suka ce bai isa ba. Aka dawo da fitilun. Kamfanin da ya so ya ƙera su da yawa ya fara ja da baya. Da ta tambaye ni, na ce mata ƙwayayen yanzu duk jabu ne. Ta yarda, don ni kawunta ne. Damina guda ta yi tana canza ƙwai.

Bayan an cire masara ta zo shagona da tef ɗin awo, ta durƙusa ta auna ƙafa ɗaya a gaban idona.

"Kawu, ashe tsawo ka ƙara mana?"

Ban iya kallonta ba. Ta tambayi dalili, na faɗa. Sai ta ce nas-nas ma sun yi wannan ƙorafin tun da suka ga awon fitilar. Ta sa na yanke ƙarin, na yi wa fitilar kai mai ɗagawa kamar murfin akwati, wanda ke komawa daidai awonsa. Wannan ce ta ci gwaji, kamfanin ya dawo, har yau ina cikin masu yi masa ƙafafu. Ba ta taɓa faɗa wa mahaifiyarta ba.

Ranar da muka kai sabuwar fitilar Malumfashi, na ga an kwantar da wata jaririya a ƙarƙashinta, idanunta a rufe da ƙyalle. Muna fita na tsayar da ɗiyar ƙanwata a gindin darbejiya.

"Ɗiyata, ƙarin awon ganganci ne, amma zancen ƙwai ƙarya na yi miki. Na ci miki damina. Ki yafe mini don Allah."